Irin ciyawar da ka ce in aiko

Yaya, na ga saƙonka cewa in aiko maka irin ciyawar da muke shukawa a nan don filin golf ɗinku na Jos. Ka yi haƙuri, ba zan aiko ba, kuma ba rowa ba ce. Bari in ba ka labarin gyaran da muka gama a filin ƙwallon lambun (golf) da nake aiki kusa da Edinbara a ƙasar Scotland, sai ka auna da kanka.

Filin na 'yan kulob ne, bare ba ya shiga sai wani ya gayyace shi. Tun farkon shekara aka manna sanarwa cewa makon biyu na Satumba za a rufe girin, wato shimfiɗar nan mai laushi da ramin yake ciki. Ranar ta zo aka rufe. Akwai masu kuɗin da suka yi ta gunaguni, amma ban ga wanda ya kira ciyaman a waya ya ce a buɗe masa saboda ya yi baƙi ba. Ka san yadda za a kwashe da a gida ne.

Aikin farko huda ƙasa. Injin yana da haƙora masu rami a ciki, kaurin ɗan yatsa, suna shiga kamar inci uku zuwa huɗu su tsugo ƙasa su watsar a sama. In ka hango sai ka rantse garken awaki ne ya kwana a wurin. Muka kwashe da shebur, bayana bai daina ciwo ba sai bayan kwana uku. Daga nan aka karce matacciyar ciyawar da ta taru a ƙarƙashin mai rai, wadda ita ke riƙe ruwa kamar soso ta kawo ruɓa. Sai yashi. Shi ne ya fi ba ni mamaki. Wankakke ne, tankaɗaɗɗe, busasshe, ga takarda da ke nuna girman ƙwayarsa. Na damƙa a hannu ya zube tas, ko ƙura bai bar mini ba. Na tuna tifar da aka taɓa sauke mana, rabi laka rabi tsakuwa, direban yana rantsuwa daga gindin rafi ya ɗebo.

Irin da muka zuba kala biyu ne, bent da fesku. Na bent ɗin ya fi ƙwayar acca ƙanƙanta nesa ba kusa ba, in iska ta taso dakatawa ake yi. Jikin buhun an rubuta sunan kowane iri, yawan kowanne a ciki, da lambar da za ka kama kamfani da ita in bai fito ba. Maigidanmu ya yi oda ta waya da hantsi, washegari mota ta sauke. Kafin mako biyu koren gashi ya fara leƙowa ta cikin ramukan, layi-layi. Muka ɗaga wuƙar injin yanka, sai daga baya a hankali za a koma yanka ciyawar a tsawon milimita 4.

To wannan ciyawa ta ƙasar sanyi ce da yayyafi. Na san Jos muna taƙama da sanyi, muna noma dankalin Turawa, har masu haƙar kuza suka ji daɗin wurin suka kafa filin golf na Rayfield a 1913. Amma daga Nuwamba zuwa Maris babu ruwan sama, ga hunturu da ke busar da leɓe balle saiwar da ba ta nisa. Sai dai ka yi ta banruwa safe da yamma, kuma rijiyar burtsatsenku da janareta take aiki. Kuɗin dizal kaɗai zai sa a kore ka. Kiri-kirinmu ta fi maka. Tana jure fari, tana yaɗo ta rufe tabo da kanta, kuma dashe ake yi, ba sai an jira buhu daga waje ba.

Kada ka ɗauka komai a nan ya fi namu. Injin yankanmu ya tsaya, makaniken kamfani ya zo da kwamfuta, ya cire kan gaba ɗaya ya sa sabo, aka biya abin da ya fi albashina na mako. Wani yaro a Dilimi can Jos da walda ɗaya zai tashe shi. Feshi kuma sai mai takardar shaida, kuma tun 2016 aka hana maganin da suke kashe tsutsar ƙasa da shi, irin wanda muke zuba wa gara lokacin ina gida. Yanzu hankaki ne ke zuwa su tone ciyawa suna neman tsutsa, mu kuma mu bi da safe muna liƙewa.

Abin da za ka iya yi shi ne ka sa maƙeri ya yi maka cokalin huda da guntayen fayif. Ka tankaɗe yashinka da rariyar magina, ka wanke. Ka bari sai ruwa ya zauna a Mayu ka huda, ka cika da yashi, ka dasa kiri-kiri a inda ya yi sanƙo. Wahalar ita ce samun manyanku su haƙura da wasa na sati uku, wannan kam ba ni da maganinta.

Takalmin ruwan da ka ce na saya, lamba 43, zan ba mai zuwa a Disamba. Ka gaida Inna da yara.