Sharhina kan gashin ƙashi da robar TheraBand bayan na ji ciwo a kafaɗa wajen ɗaga ƙarfe

Na daɗe ina son rubuta wannan amma na dinga jan ƙafa, saboda bana so in yabi abu yau gobe ciwo ya dawo ya ba ni kunya. Yanzu wata bakwai kenan da fara jinya, na koma ƙarfe, ina bacci a kan kafaɗar dama ba tare da na farka ina salati ba, to ina ganin zan iya magana. Abu biyu ne na kashe wa kuɗi da lokaci, gashin ƙashi da aka min a wani asibitin kuɗi a nan Kano, sai kuma robar motsa jiki ta TheraBand da suka sa na saya.

Shekara takwas ina ɗaga ƙarfe. A kangon unguwarmu na fara, irin wanda ake zuba siminti a gwangwanin fenti a soka bututu a tsakiya, daga baya na koma jim na kuɗi. A benci, wato tura ƙarfe sama kana kwance rigingine, na kai kilo 110 kuma wallahi ina ji da wannan lambar kamar digiri. Ranar da abin ya faru cikin Disamba ne, hunturu ya sauka sosai, na shigo bayan sallar asuba ban wani ɗuma jiki ba saboda wasu sababbin yara na tsaye suna kallo, na ware hannu sosai a sandar kamar yadda na saba, a hawa na uku sai na ji kamar an soka min tsinken tsire mai zafi a gefen kafaɗa. Ban ji wata ƙara ba, ƙarfen ma bai faɗo min ba, wanda ke tsaye a kaina ya karɓa. Na ce masa jijiya ce kawai ta harɗe, har na ƙarasa atisayen ranar, kun ji wauta.

Ciwon nan ba a jim yake nuna kansa ba, a gida yake kama mutum. Cire riga ya zama aiki, sai na sunkuya na jawo ta da hannun hagu ta ƙeya. Wanka da bokiti in zo ɗaga kofi in zuba ruwa a ka, nan ma. Kai hannu aljihun baya, ɗaga hannu a kabbarar sallah sai dai in tsaya iya ƙirji. Abin mamakin in hannun na ƙasa lafiya, in ya kai can sama ma da sauƙi, amma tsakiyar hanya daidai inda hannu ke miƙewa gefe nan wutar take. Dare kuwa ba a magana, da na juya na kwanta ta dama sai kawai in ganni zaune a bakin gado.

Sati shida na ɓata. Kemis ya ba ni daikulofenak na dinga sha kamar gyaɗa, ciwo ya lafa in koma benci, ya dawo in ƙara sha, har cikina ya fara zafi irin na olsa sannan na tsorata. Man zafi kuwa har matata ta ce ɗakin warin asibiti yake. Umma ta matsa sai na je wajen mai ɗori, na je, kuma in faɗi gaskiya dattijon bai cuce ni ba, ya lalluba ya ce "yaro ƙashinka lafiya lau, ba karaya ba gocewa, wannan na nama ne". An min ƙaho sau ɗaya. Na yi hoton ƙashi ya fito tas, wanda hakan ya ƙara ruɗa ni, ashe shi wannan hoton ƙashi kawai yake nunawa, jijiya ba ta fitowa a ciki.

Da na je asibiti likitan bai ma fara da na'ura ba. Ya ce in miƙe hannu gaba ɗan gefe, in juya babban yatsa ƙasa kamar ina zubar da ruwan gwangwani, ya danna hannun da yatsu biyu kacal, ni da nake tura kilo 110 hannuna ya sauka kamar na yaro. Ya tura ni sikanin, irin dai na masu ciki amma a kafaɗa, ya ce wani hoton da ake kira MRI ya fi nuna komai dalla-dalla sai dai tsada, kuma a nawa yanayin sikanin ya isa. Sakamako ya nuna jijiyar ta ɗan yage amma ba ta tsinke gaba ɗaya ba.

A sashen gashi ne aka min bayanin da ya zauna min a kai, kuma wannan shi ne abu na farko da zan yaba musu. Wanda ya karɓe ni ya ɗauko lemo ya ɗora a kan murfin jarka ya ce haka kafaɗa take, kan ƙashin hannu babba ne ramin da yake zaune a ciki kuma ɗan fili ne ba zurfi, shi ya sa hannu ke juyawa ko'ina ba kamar ƙugu ba. Abin da ke riƙe lemon kar ya zame wasu ƙananan tsoka ne guda huɗu da suka taso daga allon kafaɗa suka naɗe kan ƙashin, su ake kira rotato kaf. Sunayensu kamar na aljanu, sufrasifinatus a sama, infrasifinatus da teres maino a baya, sabsikafularis a gaba. Ta saman nan ita ta fi samun matsala a wajen mutane, ita ce tawa ma, domin jijiyarta ta wani ɗan matsattsen lungu take bi a ƙarƙashin ƙashin saman kafaɗa, kuma jini bai cika isa wajen sosai ba shi ya sa warkewarta ke jan lokaci. Sai ya kalli ƙirjina ya ce "Malam ka gina bene a kan tubalin ƙasa, kullum turawa kake ba ka ja". Na ji haushi amma gaskiya ce, shekara takwas ban taɓa yi wa waɗannan tsokokin atisaye ko sau ɗaya ba saboda ba sa fitowa a madubi.

Yanzu abin da bai min ba. Zuwa uku na farko kusan duk a ƙarƙashin jar fitila na ƙare, sai wata na'ura mai liƙa faci a fata tana ɗan jan ka kamar wuta. Daɗi kam akwai daɗi, kana fita ka ji sakayau, amma kafin in kai gida a babur ciwon ya dawo inda yake. Kuma ba mutum ɗaya ke duba ka kullum ba, yau wannan gobe wancan, kowa sai ka sake ba shi labari daga farko, wata rana na yi zaman jira fiye da awa ɗaya aka zo kaina aka ɗauke wuta. A zuwa na huɗu na cire kunya na ce don Allah likita a haɗa ni da wanda ya fara ganina, kuma in dai fitila ce ina da ruwan zafi da tawul a gida. Daga nan komai ya canza. Don haka in za ka je, ka nemi mutum ɗaya ka riƙe, ka kuma tambaya yaushe za a fara atisaye, kar ka biya kuɗin zama ƙarƙashin fitila har sau goma.

Atisayen farko abin dariya ne. Ka sunkuya ka dafa tebur ka saki hannun yana lilo, ka ɗan zagaya shi. Sai tafiya da yatsu a jikin bango kamar gizo-gizo. Sai ka tsaya a bakin ƙofa ka tura bayan hannu a jikin bango ba tare da ya motsa ba, ka ƙirga goma. Bayan sati biyu ya miƙo min roba ruwan ɗorawa, na ce likita wannan ai ta ɗaure kuɗi ce, ya ce ja mu gani. Ya naɗe tawul ya sa min a hammata, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, in ja robar zuwa waje a hankali in dawo da ita a hankali. A na goma sha biyu bayan kafaɗata na rawa kamar an kunna janareto. Wannan ranar na san cewa ƙarfin da nake taƙama da shi na gaba ne kawai.

Ita TheraBand abin da ya sa na ga amfaninta shi ne launukan suna da ma'ana, ba ado ba ne. Ruwan ɗorawa ce mai laushi, sai ja, sai kore, sai shuɗiya, sai baƙa, sama da su akwai ruwan azurfa da ruwan gwal. In ka ja ruwan ɗorawar ta ninka tsawonta nauyin bai fi kilo 1.3 ba, ja kusan 1.7, kore 2.1, shuɗiya 2.6, baƙa 3.3. Tazarar kaɗan-kaɗan ce, kuma abin da jijiya mai ciwo ke so kenan, a jim ɗinmu ƙaramin dambel, ƙarfen ɗagawa da hannu ɗaya, kilo biyar ne na gaba da shi bakwai da rabi, ina za ka fara. Ga shi tana shiga aljihu, ina ɗaura ta a ƙarfen taga a shago in yi tsakanin azahar da la'asar.

Sai dai a kula, kasuwa cike take da jabu. Kafin in samu ta gaskiya na sayi wani saiti mai araha marar suna, launukan a hargitse, korensu ya fi baƙarsu tauri, kuma cikin sati na uku ɗaya ta tsinke ta zabge ni a kunci, Allah ya kiyaye ba ido ba. Ko ta gaskiyar ma roba ce, ba ta son rana da zafi da man shafawa, in ka bar ta a but ɗin babur cikin zafin Afrilu kai ka jawo wa kanka. Ni a leda nake ajiye ta cikin durowa, in ta fara danƙo in barbaɗa mata hoda, kuma kullum kafin in ja sai na ɗaga ta a haske na duba ko ta fara tsagewa. Wanda fatarsa ba ta jituwa da roba akwai samfurin da ba latas (danƙon itacen roba) a ciki, sai ya tambaya.

Dokar da likitan gashin ya ba ni wadda ta fi komai amfani ita ce ta lamba. Ka auna zafin daga sifili zuwa goma, in lokacin atisaye bai wuce uku ko huɗu ba ka ci gaba, amma in ya kwana ya wuni bai koma yadda yake ba to ka yi yawa, ka rage. Sau biyu na karya wannan dokar. Na farkon a wata na biyu ne, na ji sauƙi na leƙa jim wai gaisuwa kawai, wani ya ce "Oga ko sittin ba za ka taɓa mana ba", na taɓa, na koma baya da kusan sati biyu. Da na faɗa wa likitan bai yi faɗa ba, kawai ya karɓe koren robar ya dawo min da ja, wannan ya fi zagi ciwo.

Na tambaye shi batun allura a kafaɗa domin wani abokina an masa ya ji garau. Ya ce tana kashe zafi na ɗan lokaci kuma tana da amfani ga wanda ciwo ya hana shi atisaye sam, amma ba ta ɗinke jijiya, yawan yinta ma na iya raunana ta, ga shi irinmu da zarar zafi ya tafi sai benci. Tiyata kuma ya ce ba kowa ke buƙata ba, yagewa irin tawa yawanci da atisaye ake fara gwadawa na wasu watanni. Amma ya ja kunnena, wanda ya ji ciwo farat ɗaya kuma hannun ya ƙi ɗaguwa kwata-kwata, ko in an ɗaga masa an saki ya faɗo, wannan kar ya tsaya wasa da roba, ya nemi likitan ƙashi da wuri, mu a nan ga asibitin ƙashi na Dala, domin jijiyar da ta tsinke duka in ta daɗe tana ja da baya ɗinkin yana ƙara wuya.

Komawa ƙarfe a wata na huɗu aka fara, da sandar kawai, kilo 20, kuma a ƙasa nake kwanciya ba a benci ba don gwiwar hannu ta tsaya a daɓe kar ta wuce baya. Na matso da hannuwana kusa da juna a sandar, gwiwar hannu ta daina buɗewa kamar fuka-fuki, allon kafaɗa a matse a baya. Turawa ta bayan wuya na bar ta har abada, haka jan sanda zuwa haɓa. Duk turawa ɗaya sai na yi ja biyu. Yaran da suka ganni da sanda ba faranti sun yi ta ƙus-ƙus, ɗaya har ya ce ko in taimaka maka Oga, na ce taimaka min da ruwa.

In maki zan bayar, gashin ƙashin huɗu cikin biyar, na cire ɗaya saboda fitila da jira da canjin hannu, robar kuma biyar in ka samu ta gaskiya. Ba wai na dawo yadda nake ba ne, yanzu kilo 85 nake yi sau biyar ba zafi, in sanyi ya yi da asuba kafaɗar takan ɗan yi min tsami har sai na ɗuma ta, kuma har yau ban gwada 100 ba, likitan ya ce in bari sai bayan babbar sallah mu sake gwajin gwangwanin nan tukuna. Shuɗiyar robar tana cikin jakata, minti goma nake yi da ita kafin in taɓa kowane ƙarfe, kuma yaron nan da ya ce zai taimaka min shekaranjiya ya zo yana dafe da kafaɗa yana tambayata inda ake sayar da ita.