Gargaɗi ga masu shirin dina: mai “gajimaren rawar amarya” ya cuce mu

Jama'a, abin nan a bikin ƙanwata ya faru, shi ya sa na ce bari in faɗa kafin wata ta tura kuɗinta.

Abu ɗaya yarinyar nan ta roƙe ni: in za su taka rawar farko ita da ango a wurin dina, a sa musu farin hazon nan mai kwanciya a ƙasa, kamar suna tafiya kan gajimare. Na samu wani a Instagram, shafinsa cike da bidiyo, kowanne ya fi wani kyau. Muka daidaita a naira dubu 120, ya ce in ba da dubu 80 kafin alƙalami. “Anti, kwantar da hankalinki, aikina ne.” Na tura.

Ranar dina bai zo ba. Yaronsa ya aiko da wata 'yar na'ura da ake ɗauka da hannu ɗaya, da galan ɗin ruwan hayaƙi. Ana sakin kiɗa yaron ya danna. Hayaƙi ya tashi sama ya turnuƙe ɗakin, sai ka ce an ƙona shara. Amarya da ango suka ɓace. Gwaggonmu mai ciwon asma sai da aka fita da ita tana tari, mayafinta a hanci. Hotunan rawar kuwa, duk fari fat.

Mai hotonmu ne ya wayar min da kai daga baya. Wannan na'urar dafa ruwan take yi, hayaƙin ya fito da ɗumi, abu mai ɗumi kuma sama yake yi. Na gaskiyar da busasshiyar ƙanƙara ake yinsa, wato iskar kabon dayoksaid da aka daskarar, sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili. Ana tsoma ta a ruwan zafi cikin wata babbar na'ura, hazon ya fito da sanyi da nauyi, ya malale a ƙasa iya ƙauri, ya baje ba tare da ya kai fuska ba. Akwai kuma wadda ke bi da hayaƙin ta cikin ƙanƙara ya yi sanyi kafin ya fito.

Ita busasshiyar ƙanƙarar ba ta ajiyuwa, komawa iska take yi. Mai aikin gaskiya ranar biki ko jajibiri yake sayo ta, ya zo da ita a kula, da safar hannu mai kauri, don ƙona fata take. Zai iso da wuri ya dafa ruwa. Shi da kansa zai ce a kashe fankoki lokacin rawar, kada yara su kwanta cikin hazon, a bar ƙofa a buɗe. Namu ko girman ɗakin bai tambaya ba, ni kuma ban lura ba, hidimar biki ta sha min kai.

Don Allah kafin ki biya, ki ce ya kira ki ta bidiyo ya nuna miki na'urar a hannunsa. Ki tambaye shi kilo nawa zai kawo, a ina yake saye. In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinki.

Washegari na kira shi, ya ce laifin na'urar sanyaya ɗakin ce, har yana neman cikon dubu 40. Da na ce ya dawo min da nawa, ya toshe lambata. Satin da ya wuce wata ƙawata ta turo min wani shafi: sabon suna, bidiyoyin dai su ne.