Asibitin da ya duba ƙullutun Gwaggo a Agege

Wata bakwai Gwaggo tana ɓoye ƙullutu a mamanta na hagu. Tunda ba ya mata ciwo, sai ta ɗauka ba komai ba ne, tana ta shafa man habbatus sauda tana shan jiƙo. Ranar da na ga fatar wurin ta yi rami-rami kamar ɓawon lemo, ban saurari magiyarta ba, na kai ta wani ƙaramin asibitin mata kusa da kasuwar Agege.

Mace ce ta duba ta, kuma abin da ya fi faranta min rai ke nan. Nas ɗin Bayarabiya ce amma tana jin Hausa. Ta ja labule, ta murza tafukanta suka yi ɗumi kafin ta taɓa ta, ta ce, "Mama, kwantar da hankalinki." Wallahi a nan Gwaggo ta faɗi abin da ko ni ba ta taɓa gaya wa ba. A ranar aka yi hoto, aka ɗebi ɗan nama da allura don gwaji.

Sakamakon ne ya ɓata min rai. Sati biyu suka ce, sai da muka yi biyar muna zarya a motar haya ta danfo, waya kuwa ba mai ɗagawa. Ga mai sankarar mama wannan jinkiri ba wasa ba ne.

Ba Gwaggo kaɗai ce ta makara zuwa asibiti ba. A Maroko ma, duk da gidauniyar Lalla Salma da aka kafa a 2005 don yaƙar cutar daji, kunya da tsoro da nisan asibiti da dogaro da maganin gargajiya suna sa mata da dama zuwa a makare.

Yanzu an tura mu LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a Idi-Araba. Duk wadda za ta je wannan asibitin na Agege, ta karɓi lambar ɗakin gwajin da kanta.