Gargaɗi: idan sabuwar ma'ajiyar waje ta ƙi karɓar fomat, kada ka yi saurin zargin kwamfutarka

Jama'a, a yi hattara da masu sayar da ma'ajiyar bayanai ta waje, irin had-dis ko SSD da ake jona wa kwamfuta ta USB, musamman waɗanda ake tallatawa a kasuwannin intanet da girman da hankali ba zai ɗauka ba, terabait 16 ko ma 30 a ɗan akwatin da bai cika tafin hannu ba. Yawancin waɗanda aka cuta ba sa ganewa ranar da kaya ya iso. Sai sun zo yi wa ma'ajiyar fomat, wato share ta a shirya ta don ajiye fayiloli, Windows ta yi ta ja, daga ƙarshe ta ce ta kasa kammalawa. Daga nan mutum ya shiga sauya waya, sauya kwamfuta, sauke manhajoji kala-kala, yana zaton laifin daga wajensa yake. Alhali abin da ke hannunsa ne ba shi da girman da aka rubuta a jikinsa.

Kowace ma'ajiya tana da ɗan guntun lantarki a ciki wanda ke gaya wa kwamfuta girmanta. Kwamfuta ba ta aunawa, abin da aka faɗa mata take nuna maka. Macutan sai su sake rubuta umarnin da ke cikin wannan guntu, ya riƙa cewa terabait 16 ne, bayan ainihin abin da ke ciki ƙaramin memori ne irin na waya, an liƙa shi da gam, wani lokaci har a ƙara ɗan ƙarfe don ka ji nauyi a hannu. A 2022 an ga wata mai iƙirarin terabait 30 a shafukan Walmart da AliExpress, a farkon 2023 kuma masu bin diddigin kayan fasaha suka sayi wata mai terabait 16 a Amazon, da suka fasa ta sai ga memori mai gigabait 64. Ƙananan 'yan kasuwar da ke baje kaya a waɗannan shafuka ne suka saka su, don haka girman sunan kasuwa bai wanke mai sayarwa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ƙaryar ke yin shiru. Ka kwafa hotuna goma ka buɗe, lafiya lau, domin sun faɗa cikin ɗan wurin da yake na gaskiya. Kana wuce wannan iyaka, ma'ajiyar za ta ci gaba da cewa ta karɓa, amma ko dai ta watsar da sabon, ko ta koma farko ta rubuta shi a kan tsohon. Sunayen fayiloli da foldoji suna nan reras, girmansu daidai, cikinsu kuwa wayam. Zuba ruwa a rariya ke nan. Wanda ya kwashe aikin shekaru ya zuba, ya goge na kwamfutarsa don ya sami wuri, ba zai san ya yi asara ba sai ranar da ya nema.

Fomat yana tona asiri ne saboda yana taɓa wuraren da kwafar fayil ɗaya ko biyu ba ta kaiwa. Irin waɗannan jabun galibi da tsarin jera fayiloli mai suna exFAT suke zuwa, kuma fomat na gaggawa, wanda Windows ke kira Quick Format, jadawalin fayiloli kawai yake rubutawa, shi ya sa yakan wuce ba tangarɗa. Amma wani tsarin mai suna NTFS, wanda Windows ta fi amfani da shi, yana ajiye kwafin bayanan farkon ma'ajiya a can ƙarshenta, ƙarshen da a jabu babu shi. Cikakken fomat kuwa, tun daga Windows Vista, sifili yake bi yana rubutawa a ko'ina. A nan ne za ka ga ya maƙale, ko ma'ajiyar ta ɓace ta dawo, ko ta koma RAW, wato kwamfuta ba ta gane tsarinta ba. Sai dai a kula, akwai jabun da ke haɗiye rubutun ba tare da sun yi ƙorafi ba, saboda haka wucewar fomat ba shaidar gaskiya ba ce.

Ba kowace gazawar fomat ce damfara ba, kuma bai dace a zargi ɗan kasuwa mai gaskiya a kan wayar da ta lalace ba. Gwada wata waya, ka jona kai tsaye a jikin kwamfuta ba ta mahaɗar USB mai baki da yawa ba, domin had-dis mai juyawa yana son isasshiyar wuta. Ka duba Disk Management, wurin da Windows ke nuna ma'ajiyoyin da ke jone da kwamfuta, ka ga yadda take. Idan an kulle ta ne daga rubutu, umarnin attributes disk clear readonly a cikin diskpart, manhajar Windows da ake rubuta wa umarni don sarrafa ma'ajiya, yakan buɗe ta, umarnin clean kuma ya share tsarin gaba ɗaya, amma ka duba lambar ma'ajiyar sau biyu kafin ka danna, don clean ba ya tambayar ko ka tabbata. Wadda ta haura terabait 2 tana buƙatar tsarin rarraba ma'ajiya mai suna GPT, tsohon tsarin MBR ba ya ganin abin da ya wuce haka. Idan kuma ka sayi terabait 1 Windows ta nuna gigabait 931, wannan bambancin lissafi ne kawai, ba a sace maka komai ba.

Idan duk ka yi waɗannan a kan sabuwar ma'ajiya ba ta saitu ba, ka daina gyara, ka koma aunawa. Manhajar H2testw a Windows tana cika ma'ajiyar da bayanai sannan ta sake karanta su, ta gaya maka nawa ne suka dawo daidai, nawa suka salwanta. Masu Linux da Mac suna da F3, wadda ke wannan aikin da f3write da f3read. Matsalar ita ce lokaci. Jabun nan kan yi rubutu a wajen megabait 15 a daƙiƙa, gudun da ya fi kama da tsohuwar USB 2.0, kuma a haka cika terabait 16 sai ya ci kwana 12. Don haka ka zaɓi wani adadi a H2testw, misali gigabait 200, wanda ya isa ya wuce girman ƙaramin memori. Ko kuma ka yi amfani da ValiDrive, wadda wani mai ƙera manhajoji, Steve Gibson, ya fitar a 2023, tana gwada wurare 576 daga farkon ma'ajiya zuwa ƙarshenta, ta zana maka taswira, kore inda akwai wuri, ja inda babu. Duk kyauta ne, amma ka sauke su daga shafukan masu su.

Yanzu ga rabin damfarar na biyu, wanda ya fi na farko cin mutane. Kana kai ƙorafi, mai sayarwa zai amsa da ladabi. Zai ce kwamfutarka ce tsohuwa, ko ya ce ai an rubuta kada a yi mata fomat, kai ka lalata ta, garanti ya faɗi. Wani zai ce ka mayar da ita exFAT da fomat na gaggawa, ka yi ka ga ta dawo, ka yi masa godiya, alhali bargon ƙaryar kawai ka sake lulluɓawa. Wani ya turo maka wata manhaja wai ta gyara, wadda ba ka san abin da ke cikinta ba. Wani ya ce ka rufe ƙorafin da ka buɗe a kasuwar, zai aiko maka sabuwa ko ya mayar maka da rabin kuɗi ta bayan fage. Manufar duk ɗaya ce, a ja ka da hira har wa'adin mayar da kaya ya ƙare. Babu ma'ajiyar gaskiya da fomat ke lalatawa, kamfanonin da ke ƙera su da kansu suke koya wa mutane yadda ake yi. Ka ɗauki hoton sakamakon gwaji, da na tallan kafin a goge shi, ka shigar da ƙorafi ta hanyar kasuwar ko ta bankin da ka biya, kuma kada ka rufe sai kuɗinka ya dawo.

Kada taurari biyar da ɗaruruwan yabo a ƙarƙashin talla su ruɗe ka. Ka karanta su. Sau da yawa za ka tarar yabon na wani kaya ne daban, an sauya hoto da suna an bar tsohon yabon.

Akwai kuma masu sayar da tsohon had-dis na gaskiya a cikin sabon akwati. Girmansa daidai ne, amma ya gaji, fomat ya riƙa tsayawa a wuraren da suka mutu. Manhajar CrystalDiskInfo tana nuna awannin da ya yi yana aiki da adadin sassan da suka lalace. Sabon kaya bai kamata ya nuna dubban awanni ba, ko da yake ƙwararrun macuta sun iya mayar da wannan lissafi sifili, sai a haɗa da cikakken gwajin rubutu da karatu.

Wanda ya riga ya zuba bayanansa a jabu, ya daina rubuta komai a kai, kada ya yi fomat, ya kwashe abin da ke buɗuwa zuwa wani wuri. Fayilolin da suka faɗa bayan iyakar gaskiya ba a taɓa ajiye su ba, don haka duk wanda ya nemi kuɗi ya ce zai dawo maka da su daga wannan ma'ajiyar, kada ka ba shi. Ka koma waya ko kwamfutar da ka kwaso su, ka daina amfani da ita nan take, a can ne manhajar dawo da fayilolin da aka goge za ta iya samo wani abu.