Daga Ingila: yadda ake jinyar masu ƙin ƙarar tauna ta intanet

'Yan uwa na gida, a wannan karon ina so in ba ku labarin wata hidimar lafiya da na tarar a nan Ingila, domin ta shafi ɗakina. Tun muna Kano, uwargidana ba ta iya zama kusa da mai taunar goro ko mai kurɓar koko da ƙara. Da an ajiye kwanon tuwo an fara tsotsar ƙashi, sai fuskarta ta ɗaure, ta miƙe ta koma ɗaki da abincinta, dangi kuma su ce tsangwama ce da girman kai. Ni ma na sha ce mata ta yi haƙuri.

Sai a nan muka ji cewa abin yana da suna, misofoniya, wanda masu bincike kan jin sauti, Pawel da Margaret Jastreboff, suka raɗa masa a Amurka a 2001. Kunnen mai ita lafiyarsa lau. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Newcastle a 2017 ya nuna cewa sashen ƙwaƙwalwa mai haɗa abin da jiki ya ji da motsin zuciya ne yake zabura fiye da kima idan aka ji irin waɗannan sautuka, shi ya sa fushin yake rigan tunani zuwa.

Kasuwa ta riga likitoci gane wannan buƙata. Matoshin kunne na roba iri-iri ne a kantunan magani, akwai kuma lasifikar kunne mai kashe hayaniya, wadda kuɗinta kan haura fam ɗari. Mun saya, ta yi amfani a cikin jirgin ƙasa, amma ba a zaman cin abinci da yara da kunne a toshe.

Abin da ya fi burge ni shi ne jinya ta hira da masanin halayyar ɗan adam ta bidiyo, bisa tsarin da ake kira ACT, wato koyon karɓar abin da zuciya ta ji tare da riƙo da abin da ya fi wa mutum muhimmanci, wanda masanin halayyar ɗan adam Steven Hayes ya assasa a shekarun 1980. Da uwargidana ta shiga wannan jinyar, ba a yi mata alkawarin kawar da ƙin sautin ba. An koya mata ta lura da fushin idan ya taso, ta ambaci sunansa a ranta, ta bar shi ya wuce ba tare da kokawa da shi ba, sannan ta tambayi kanta abin da ta fi so, wato zama da 'ya'yanta a kan tabarma ɗaya. Na gan ta ranar wata Lahadi, ƙaramin yana gurguran masara, ta dafa gwiwarta, ta ja numfashi a hankali, ba ta tashi ba. Wannan haƙurin an koya mata shi mataki-mataki, ya bambanta da wanda muke umartar mutum da shi da baki kawai.

Hukumar lafiya ta NHS tana ba manya jinyar hira kyauta, mutum na iya rubuta sunansa da kansa ta intanet, masu zaman kansu kuwa sukan karɓi fam hamsin ko fiye a kowane zama. A gida muna da asibitin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna da na Dawanau a Kano, sai dai tsoron a ce mutum ya taɓu yana hana da yawa zuwa, balle a kan ƙarar tauna. Jinyar da mace za ta yi daga ɗakinta da wayar hannu ta kauce wa wannan tsoro, kuma abin da uwargidana ta fi nanatawa shi ne da ma da Hausa aka yi mata bayanin, da ta tura wa ƙanwarta.