Oba-obar da nake maƙalawa a ƙirji idan zan shiga teku da kayak

Ranar da kayak ɗina, wato ɗan siririn kwalekwalen da ake tuƙawa da filafili, ya kife a bakin wani tsibiri, ina cikin ruwa har wuya, hannu ɗaya riƙe da igiyar gefen jirgin, ɗayan riƙe da filafili. Oba-obata kuwa tana can cikin ɗakin kaya na baya, a naɗe cikin jaka, murfi a rufe ruf. Da na buɗe murfin nan a tsakiyar igiyar ruwa, da ɗakin ya cika jirgin ya ƙara lumewa. Allah Ya sa abokin tafiyata yana kusa, ya juyo ya tallafe ni na koma kan kujera. Tun daga nan na daina kallon oba-oba a matsayin kayan jirgi, na mayar da ita kayan jiki, kamar rigar ceto. Wadda na saya bayan haka ita ce Standard Horizon HX890, yau shekara biyu ke nan muna tare.

Abin da ya ja ni gare ta shi ne jan maɓallin nan da ke ƙarƙashin ɗan murfi, wanda ake kira DSC. Ka ɗaga murfin, ka danne shi daƙiƙa uku, sai na'urar ta aika kiran neman agaji ta tasha ta 70, ɗauke da lambar shaidarka da ainihin wurin da kake, domin tana da GPS a cikinta. Daga nan ta koma tasha ta 16, wato mitar megahertz 156.8, inda jirage da masu gadin gaɓar teku ke kasa kunne dare da rana. Wanda bai taɓa faɗawa ruwan sanyi ba, zai iya ganin kamar ƙari ne kawai. Amma idan haƙora na kaɗawa, ruwan gishiri na shiga baki, karanto jerin lambobin inda kake ba ƙaramin aiki ba ne. Danna maɓalli ɗaya kuwa ko yatsun sun sandare za a iya.

Sai dai maɓallin ba ya aiki sai ka shigar da lambar shaidar nan da ake kira MMSI, mai alƙaluma 9, wadda ake samu ta hanyar rajista. Ka zauna a natse ka shigar da ita, ka duba sau biyu, don irin waɗannan na'urori ba sa barin mutum ya riƙa sauya lambar yadda ya ga dama. Dokar lasisi ma ta bambanta: a Amurka mai yawon shaƙatawa a ruwan cikin ƙasa ba ya buƙatar lasisi, a Birtaniya kuwa sai da lasisin Ofcom, hukumar sadarwar ƙasar, da takardar shaidar iya amfani da na'urar.

Batun nisan zango ne na fi son a fahimta, don nan ake yawan ruɗar masu saye. An rubuta wat 6 a kwali, gaskiya ne kuma. Amma saƙon wannan mitar a miƙe yake tafiya kamar gani da ido, ba ya bin lanƙwasar duniya sosai. Mai kayak a zaune yake dab da ruwa, eriyarsa da ƙyar ta kai mita ɗaya sama. Daga wannan tsayin, iyakar abin da eriyar ke “hange” bai wuce mil biyu na teku da 'yan kai ba. Tsakanin kayak da kayak, idan teku ta tashi, ka gangara cikin kwarin igiyar ruwa sai muryar abokinka ta yanke, ka hau bisa ta dawo. Eriyar masu gadin teku da ke kan dutse ko doguwar hasumiya kuwa za ta ji ka daga nesa ƙwarai, saboda tsayinta. Don haka na koyi riƙe na'urar a tsaye, eriya na kallon sama, in ɗaga ta gwargwadon iko. Idan da abokan tafiya nake magana, sai mu koma tasha ta 72, in sauke ƙarfin zuwa wat 1. Ya wadatar, kuma batir na daɗewa, don magana ce ke cin caji, saurare ba ya cin komai a kanta.

Tana yawo a saman ruwa idan ta faɗa, fitilarta ta kama walƙiya da kanta da zarar ta jiƙe. Na gwada da gangan wata magariba a ruwa mai kwanciya, na ga hasken yana ɓal-ɓal a gefen jirgi, na miƙa hannu na ɗauko. Duk da haka ban dogara da wannan ba. Abin da ke yawo, iska da igiyar ruwa na iya janye shi fiye da saurin iyon mutum sanye da riga mai kumburi. Na ɗaure ta da siririyar igiya a zoben rigar ceto, tsawonta daidai daga aljihu zuwa baki, ba ta kai ta naɗe wuya ko filafili ba. Aljihun hagu nake sa ta, eriya ta karkata waje kaɗan don kada ta tsone min ido idan na sunkuya. Duk mai DSC da GPS ta fi sauran kauri, wannan ma ta ɗan haura giram 300, saboda haka ka je da rigarka ka gwada aljihun kafin ka saya.

An tabbatar tana jure nutso na mita ɗaya da rabi har minti 30. Abin da ya rage gare ka shi ne gishiri. Tsohuwar oba-obata ba ruwa ne ya kashe ta ba, ƙarafunan cajinta ne suka yi kore saboda na bar gishiri ya bushe a kansu. Yanzu duk dawowa sai na ɗauraye wannan da ruwan daɗi, in goge, in bari ta sha iska kafin in ɗora ta a caji. Idan igiyar ruwa ta watso, lasifikar kowace irin oba-oba takan cika, murya ta shaƙe kamar mai magana cikin tulu. Ina kifa ta in buga a tafin hannu sau biyu ta washe. Ta abokina ƙirar Icom ce, ita tana da wata ƙara da ke girgiza ruwan ya fito, abin ya burge ni ƙwarai.

Wasu kan ce ai waya ta isa. Ina ɗaukar waya, amma waya mutum ɗaya take kira, allonta kuma ba ya jin jiƙaƙƙen yatsa. Kira a tasha ta 16 kuwa duk jirgin da ke kewaye yana ji, kuma sau da yawa masuncin da ke bayan tsibiri ya fi jirgin ceto kusa da kai. Wata safiya hazo ya rufe mu a mashigar jirage, muna jin rurin inji ba ma ganin komai. Na kira, na faɗi cewa kayak uku ne a gefen jan alamar ruwa. Matuƙin ya amsa, muka ji injin ya sassauta, ya wuce can gefe.

Mai zagaya ƙaramin lungun ruwa tare da jama'a, ƙarama mara DSC za ta yi masa. Mai tsallaka mashiga ko fita shi kaɗai, wannan nake ba shi shawara ya ɗauka. Ni dai kafin in tura jirgi, sai na kunna ta a bakin gaɓa, in jira GPS ya kama, in kira abokina a 72 ya ce ya ji ni sarai, sannan in sa ta saurari 16 tare da 72, in ja zif ɗin aljihu.