Jirgin Damagaram zuwa Yamai, ga mai son sanin yadda abin yake

Jama'a masu yawan tambaya ko jirgin saman nan na Yamai ya cancanci kuɗinshi, to ga nawa ra'ayin. Daga filin jirgin Zinder (Damagaram) zuwa na Diori Hamani da ke Yamai a sama kilomita 740 ne ko kusa da haka, amma a mota ta babbar hanyar RN1 kusan 900 ne tunda sai ka bi Maradi, Konni, Dogonduci, Doso, ka shiga kar (bas) da asuba ka sauka bayan isha'i ƙafafu sun kumbura. Jirgi kuwa irin mai farfela ne, in kai tsaye zai tafi bai cika awa biyu ba, amma fa ka tambaya tun wajen sayen biye (tikiti), don in zai biya ta wani gari ya ɗauki mutane to lissafi ya canza.

Cikin jirgin ba laifi wallahi, da tsabta, ma'aikatan da fara'a, sai dai ƙarar inji in kujerarka na kusa da fiffike har cikin haƙora kake jinta. Abin da ke ban haushi shi ne lokaci, a ce ka zo da sassafe ka auna balis ka zauna, babu mai fitowa ya ce maka komi, musamman lokacin hunturu in hazo ya rufe gari, awannin da ka saya da tsada sai su ƙare a kan benci. Mai mara lafiya ko mai randebu (alkawarin ganawa) a ofishin minista ya hau, amma kar ya sa randebun ranar tafiyar.